ƘYALLEN TELA A CIKIN AJI

(Jawabin da wani ɗan'uwanmu mai sayar da yadi ya yi a taron ƙungiya na ƙarshen zangon karatu, a nan Tumfure. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa, sai ɗan gyara kaɗan.)



Malam Shugaba, dattawanmu, malamanmu na Islamiyya da na boko, iyayenmu mata da ke zaune ta wancan ɓangare, 'yan'uwa da abokan arziki, barkanmu da yamma, barkanmu da ganin juna lafiya. Tun shigowata na lura wasu na ta satar kallon buhun nan da na sa yaro ya jingine a jikin tebur, har na ji wani daga baya yana tambaya ko goron taro ne. To ba goro ba ne, ba kuma dabino ba. Tsumma ne. Ƙyallaye ne da na bi shagunan teloli uku a nan bakin titin Bauchi na roƙa, cikin kwana huɗu buhu ya cika, kuma da ban karɓa ba, da yanzu suna cikin lambatu sun toshe mana hanyar ruwa, ko an cinna musu wuta hayaƙi ya hana mu shan iska. A kan wannan buhu zan yi magana, kuma ina roƙon ku yi haƙuri da ni har in kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Ku gafarce ni, ni ba malamin makaranta ba ne. Karatuna na allo ne da Islamiyya, sai firamare da na shiga a 1976, shekarar da gwamnati ta buɗe karatun kyauta aka kwashe mu gaba ɗaya, mai haƙori da mai giɓi. Daga nan sai kasuwa. Shekara talatin da 'yan kai ke nan ina riƙe da almakashi da sandar awo, ina saro kaya daga Kantin Kwari a Kano ina kawowa Gombe. Saboda haka abin da zan faɗa maganar ɗan kasuwa ce, in na yi kuskure malamai suna nan, sai su gyara.

Abin da ya tayar da ni, wani abu ne da ya faru a shagona bara. Ina da yaro, ɗan ƙanwata, ya gama sakandare da takardarsa mai kyau, har da sakamako mai kyau a lissafi. Na zaunar da shi a shago. Ran nan wata dattijuwa mai ɗinki a gida ta zo sayen shafi, yadi uku da kwata, a kan naira 2,400 kowane yadi. Yaro ya zaro waya ya danna, ya ce mata naira 8,160. Matar nan ba ta taɓa shiga aji ba. Ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, yadi uku dubu bakwai da ɗari biyu, kwata ɗari shida, dubu bakwai da ɗari takwas ke nan. Ina ka samo sauran?" Ya ce ai waya ce ta faɗa. Na karɓi wayar na duba. Jama'a, ashe da ya ji an ce kwata, wato ɗaya bisa huɗu, sai ya rubuta uku da ɗigo huɗu. Ya ga huɗu a cikin maganar, ya danna huɗu. Ita waya ba ruwanta, abin da ka ba ta shi za ta ba ka.

Naira 360 ce tsakani, ba wani kuɗi ba ne. Amma wallahi daren nan ban yi barcin kirki ba. Yaron nan ya yi wata biyar a shagon. Mutum nawa ne suka sayi yadi da kwata a hannunsa suka biya suka tafi ba su ce komai ba? Kuɗin nan sun shiga aljihuna, na sayi hatsi da su, iyalina sun ci. Duk wanda ya yi Islamiyya ya san abin da aka faɗa game da masu tauye awo, kuma ni ban san mutanen ba balle in bi su in mayar musu. Sai da na je wurin malam ya gaya mini yadda zan fitar da haƙƙin. Allura ta tono garma ke nan. Domin da na zauna da yaron na ɗauko yadi ɗaya na ce ninka mini shi ka nuna mini kwata, sai ya tsaya yana juya shi. Shekara goma sha biyu yana rubuta ɗaya bisa huɗu a takarda, ana ba shi maki, amma hannunsa bai taɓa riƙe ɗaya bisa huɗu na komai ba.

Ban zargi yaron ba, ban kuma zargi malamansa ba, don na san aji mai yara sittin ko saba'in, malami ɗaya da alli guda, ba abin da zai iya sai ya rubuta a allo su kwafa. Amma na tuna zamaninmu. Mu da muka yi firamare a da, akwai darasin aikin hannu. Ana saƙa faifai, ana tufka igiya, ana ɗaure tsintsiya, ana ƙera tukunya da yumɓu. Sannu a hankali sai aka koma yaro ya sayo tsintsiya a kasuwa ya kai a ba shi maki, daga baya ma aka ce ya kawo kuɗin kawai. Da aka soma tsarin nan na shida-uku-uku-huɗu a 1982, an shigo da injuna daga ƙasashen waje don koyar da sana'a a ƙananan sakandare, a makarantu da yawa suka tsufa cikin akwatunansu, ba wutar lantarki, ba wanda ya iya tayar da su. A 2025 kuma gwamnatin tarayya ta sanar da sabuwar manhaja, ta sa ɗinki cikin sana'o'in da yaro zai iya zaɓa. Madalla. Sai dai ni na riga na ga inji a akwati sau ɗaya, ba zan zauna jiran na biyu ba. Abin da nake kawo muku ba ya son wuta, ba ya son janareta. Allura ce da zare da abin da ke cikin buhun nan.

Ga yadda aikin yake. Ana yanka ƙyallaye girma ɗaya, a haɗa su da ɗinki su zama falle guda. A shimfiɗa shafi a ƙasa, a baza auduga ko tsohon zane a tsakiya, a ɗora fallen ƙyallayen a sama, sannan a bi duka ukun da ɗinki layi-layi don kada audugar ta dunƙule waje ɗaya. Shi ke nan an sami bargo. Wani ɗana da ke koyarwa ya nuna mini a waya cewa a Amurka malaman firamare na amfani da irin wannan ɗinki su koya wa yara kaso-kaso da siffofi. Ya kuma nuna mini na waɗansu mata baƙaƙen fata, jikokin bayi, a wani ƙauye da ake kira Gee's Bend a jihar Alabama, waɗanda talauci ya sa suke haɗa tsofaffin wandunan aikin gona su yi abin rufa. A 2002 aka rataye bargunansu a manyan gidajen nune-nune na Houston da New York, a 2006 har kan sarki aka buga da hotonsu. Na ce masa, ɗana, ka zauna in ba ka labari, don wannan abu ba baƙo ba ne a wurinmu.

Wane ne a cikinku bai taɓa tsayawa kallon hawan Sallah ba, ko a nan ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Gombe, ko a garuruwan da muka fito? Kun ga dawakan nan da ake lulluɓewa tun daga wuya har gwiwa da wata riga mai kauri, ja da rawaya da shuɗi, an yayyanka an haɗa kamar haƙoran zarto? Lifidi ke nan. Ku matsa kusa ku duba, yadi ne sama, yadi ƙasa, auduga ko audugar rimi a tsakiya, an bi da ɗinki. Shi ne dai wannan aikin da nake magana, ba bambanci ko na ƙwayar zarra. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Ku lissafa, shekara ɗari shida da ɗoriya. Kibiya ta zo da ƙarfinta ta nutse cikin auduga ta mutu, ba ta taɓa fatar doki ba. Maza ne suka ɗinka shi, kuma da shi aka tsare garuruwa. Ita ma kakata, Allah ya jiƙanta, in zannuwanta suka tsufa ba ta yar da su. Takan jera uku ko huɗu kan juna ta bi su da zaren abawa, mu muka kwanta a kai muna jarirai, mu muka rufa da su da hunturu. Ba ta san sunan Alabama ba har ta koma ga Mahaliccinta.

To da yake gani ya kori ji, ban zo nan da labarin waya kawai ba. Da dogon hutun da ya wuce na tara yara tara a zaurena, nawa da na maƙwabta, maza huɗu mata biyar, daga ɗan shekara tara zuwa goma sha uku. Na roƙi dattijuwar nan da ta kama mu da lissafi ta zo ta koya musu riƙon allura. Ta yi dariya ta ce ashe faɗa na kawo zumunci. Muka yanka kwali murabba'i, inci biyar kowane gefe, shi ne ma'auni. Yaro ya ɗora a kan ƙyalle, ya zana da alli, ya yanka. Rabin inci na kowane gefe na shiga cikin ɗinki, saboda haka abin da ke fitowa a fuska inci huɗu ne. Muka ce muna son bargon yaro, ƙyalle goma a faɗi, goma sha biyu a tsawo. Na tambaye su guda nawa za mu yanka? Wasu suka soma ƙirga da yatsa. Ƙaramarsu ta jera layi ɗaya a ƙasa ta ce goma, goma sau goma sha biyu, 120. Na ce in an gama, faɗinsa inci nawa? Babban cikinsu ya yi caraf ya ce hamsin, tunda kowane biyar ne. Na yi shiru. Da aka haɗa layin farko aka sa tef, sai ga arba'in da ɗan bakin da ya rage gefe da gefe. Ya tsaya yana juya layin yana neman inda yadi ya ɓace. Sai da ya kifa shi ya ga bayan ɗinkin, sannan ya ce, "Au!" Wannan "au" ɗin, jama'a, ita nake nema. Ba a samunta da bulala.

Daga nan lissafi ya yi ta fitowa da kansa, ban kira shi ba. Yadi ɗaya inci 36 ne, in faɗinsa 45, ƙyalle nawa za a samu? Bakwai ta nan, tara ta can, 63, da ɗan siririn inci ɗaya da ya rage. Ashe bargon namu na son yadi biyu, ya rage ƙyalle shida. Muka kuma gano abin da ni kaina da na tsufa a kan yadi ban taɓa zama na lissafa ba: ƙyallen da aka yanka biyar sau biyar, wato 25, yana komawa huɗu sau huɗu, wato 16. Tara cikin ashirin da biyar sun tafi cikin ɗinki, fiye da sulusi ke nan. Saboda haka teloli da ke cikin taron nan, yau na wanke ku kaɗan. In an kai muku yadi biyar riga ta fito kamar ta huɗu, ba duka ne kuka ɓoye ba. Na ce kaɗan fa, ban ce duka ba.

Akwai wata yarinya, mahaifinta na zaune a nan, ba zan faɗi suna ba kada ta ji kunya. An ce mini a makaranta kullum tana can ƙarshen aji. Ita ce ta ce tana son ta yi irin haƙoran lifidi. Ta raba murabba'i biyu daga kusurwa zuwa kusurwa, ta haɗa ja da fari, sai ya fito ya fi sauran ƙanƙanta, ya ƙi zama cikin layi. Ta warware, ta sake, haka dai. Ba wanda ya gaya mata dalili, don ni ma a lokacin ban sani ba. Kwana biyu tana ƙara girman kwalinta kaɗan-kaɗan, har ta gano sai an yanka inci shida ba kwata sannan ya dace da 'yan'uwansa, saboda ɗinkin tsakiya ma yana cin nasa rabon. Yarinyar da aka ce ba ta ja, ita ta zauna kwana biyu kan mas'ala ɗaya ba wanda ya tsare ta. Alli in ka yi kuskure sai ka goge, malami ma ya manta. Almakashi kuwa ba ya gogewa. Wanda ya yanka nasa a karkace, layi gaba ɗaya zai karkace, kuma 'yan'uwansa za su bi ɗinki su gano na wane ne. Tun daga rana ta uku ban ƙara cewa kowa ya auna sau biyu ba, su ke gaya wa junansu.

Yanzu bari in zo inda ya fi taɓa zuciyata, malamanmu na Islamiyya ku ba ni kunnuwanku. Duk wanda ya kai babin rabon gado a Risala ya san nan ne ɗalibai ke zubewa. Ni ma a nan na zube. Ana ce mana rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, sudusi, muna haddacewa kamar waƙa, amma a ce raba, sai ido ya raina fata. Wata rana wani malaminmu ya biyo ta zauren ya tarar da mu, ya tsaya yana kallo, sai ya ce a jera masa ƙyalle huɗu ta nan shida ta can, 24. Ya ce da yara, wannan ita ce dukiyar mamaci bayan an biya bashi an fitar da wasiyya. Ku nuna mini rabi. Suka ware 12. Sulusi, 8. Rubu'i, 6. Sudusi, 4. Sumuni, 3. Ba wanda ya saura da ɓari, kowane kaso ya fita cif. Ya ce mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da uwa da uba da ɗa namiji guda. Aka ba wata yarinya uku a matsayin matar, aka ba uwa huɗu, uba huɗu, ɗa ya kwashe goma sha uku da suka rage. Yara na ta dariya, ana cewa wane ya yi arziki.

Sai malam ya ce to a sake. Wannan karon mamacin ya bar mata da uwa da uba da 'ya'ya mata biyu, ba namiji. 'Ya'ya mata suka ɗauki sulusi biyu, 16. Uwa ta ɗauki huɗu, uba huɗu. Ƙasa ta zama wayam, ga matar mamaci tsaye hannu biyu ba komai. Wani yaro ya ce, "Malam, ƙyallen bai isa ba, saura uku!" Malam ya yi murmushi ya ce, ka faɗi abin da manyan malamai suka yi wa babi guda, shi ake kira auli. Ba za a hana kowa ba, sai dai a sake yanka dukiyar nan dai gida 27 maimakon 24, kason kowa ya ragu kaɗan. Ya ɗauko falle ɗaya ya zana masa uku ta nan tara ta can, ya nuna musu layin matar, guda ɗaya cikin tara. Ya ce wannan ita ce mas'alar da ake kira Mimbariyya, wadda aka ruwaito an tambayi Sayyidina Ali yana kan mumbari ya amsa nan take cewa sumunin matar ya koma tusu'i. Jama'a, ina da shekara hamsin da biyar, na ji wannan mas'ala tun ina saurayi, amma ban gan ta da idona ba sai ran nan a ƙasan zaurena, a kan guntayen atamfa. Ku tuna gidaje nawa ne a garin nan zumunci ya tsinke a kan gado, sau da yawa ba don mugunta ba, sai don an raba a gaban mutane ba su fahimci yadda aka yi ba, kowa ya tashi da zargi a ransa. Zakka ma haka, biyar sau takwas arba'in, ka sa guda ɗaya ja a ciki, yaro ba zai ƙara manta ɗaya bisa arba'in ba.

Abu na ƙarshe da na gani, ya shafe mu mu da muke baƙi a nan, ko da yake baƙuncin wasunmu ya tsufa. Mahaifina auduga ce ta kawo shi daga ƙasar Kano, bayan an kafa injin gurzar auduga a Gombe a 1956, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1963. Wasunku aikin gwamnati ne ya kawo ku bayan an ba mu jiha a 1996, lokacin da Tumfure ke gonaki da 'yan gidaje jefi-jefi. Wasu kuma rikicin Borno da Yobe ne ya koro su, Allah ya kiyaye gaba. 'Ya'yanmu a nan aka haife su, ka tambayi yaro garin kakansa sai ya ce sai ya tambayi Mama. Na ce kowane yaro ya roƙo ƙyalle ɗaya daga gida wanda ke da labari. Wani ya kawo guntun saƙi mai rinin baba na kakarsa, muka yi maganar marinar Ƙofar Mata. Wata ta kawo bakin tsohuwar atamfa da aka buga a Kaduna, na ba su labarin yadda audugar Gombe ke hawa jirgi ta tafi ta dawo mana zane, da yadda masaƙar farko ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe, har yanzu mafi yawan abin da nake sayarwa daga Sin yake zuwa. Ɗan maƙwabcinmu Bayarabe ya kawo ashoke, 'yar wani ma'aikaci Tibi ta kawo nasu mai ratsin baƙi da fari. Ba ma cikin tara ɗin suke ba, leƙe suka zo yi suka zauna. Duk muka haɗa a layi ɗaya.

Kada ku ce komai ya tafi daidai. Bargon farko ga shi nan a ƙasan buhun, zan fitar ku gani, ya karkace kamar katangar da aka yi da damina. Mun haɗa yadi mai talewa da shadda, ɗaya na ja ɗaya na tsaye. Ba mu wanke ƙyallayen ba kafin mu yanka, da aka wanke bargon ja ya zuba a kan fari. Yara biyu sun soke yatsa, allura ɗaya ta ɓace muka yi rabin sa'a muna rarrafe, tun daga ranar ake ƙirga allurai a fitar, a ƙirga a mayar, ba mai tashi sai sun cika. Yaro ɗaya kuma ya gudu bai dawo ba, ya ce abokansa na kiransa ɗan daudu.

To wannan ita ce maganar da na san tana cikin bakin wasunku, gara in riga ku. Wai ɗinki aikin mata ne. Tun yaushe? Wa ya ɗinka babbar rigar da ke jikin Shugaba, wa ya yi mata aska takwas? A ƙasar Hausa malamai da almajirai aka sani da allura, da ɗinkin hula da na riga suka ci suka yi karatu ba su roƙi kowa ba. A birnin Zariya ma daga baya ne mata suka shigo aikin babbar riga. An kuma ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ɗinke tufarsa ya gyara takalminsa da hannunsa. Sayyidina Umar yana Halifa ana ganin faci a rigarsa. Wanda ya ce wa ɗana ɗan daudu don ya riƙe allura, sai ya zo mu zauna. Wasu kuma za su ce tsumma alamar talauci ne, mun kawo 'ya'yanmu su zama likita da injiniya. Ni ma haka nake so. Amma likitan da zai ɗinke cikin mutum, ina laifin ya fara da atamfa?

Tsoron da nake da shi na gaskiya guda biyu ne, kuma ba waɗancan ba ne. Na farko, kada abin ya koma ajin koyon ɗinki zalla. In aka bar tela shi kaɗai da yara, za su iya allura, lissafin ya wuce su ba su gan shi ba. In aka bar malami shi kaɗai, zai zana murabba'i a allo mu koma gidan jiya. Dole su biyun su tsaya tare, kuma kowane yaro ya riƙe littafi, ya rubuta abin da ya auna da abin da ya zata da abin da ya fito. Na biyu, mu 'yan kasuwa na san halinmu. Da an ga bargo ya yi kyau wani zai ce a ƙara yawa a kai kasuwa, kafin ka ankara an mai da 'ya'yan mutane leburori. Ban yarda ba. Bargo ɗaya a zango ya isa.

Saboda haka Malam Shugaba, ga roƙona, kuma ba na neman a taɓa kuɗin katangar makaranta da muka sha wahalar tarawa. A ba mu aji ɗaya kawai a makarantarmu, 'yan aji biyar, ranar Alhamis bayan la'asar tunda ba karatu, sa'a ɗaya da rabi, na zango ɗaya. Yara sittin, kowa ƙyalle biyu, bargo ya tashi. A ba mu malamin lissafi ɗaya da malamin fiƙihu ɗaya su riƙa karɓa-karɓa, ƙungiya ta ɗan sa musu na mai. Iyayenmu mata su zaɓo mana biyu daga cikinsu masu haƙuri da yara. Teloli su daina ƙona ƙyalle, su ware mana na auduga, ban da leshi ban da mai talewa. Allura da zare da almakashi shida da shafi, wannan na ɗauka a kaina, in rage nauyin waccan naira 360 ɗin. In akwai wanda ya san dattijon da ya taɓa ɗinka lifidi, a nan Gombe ko a Kumo ko a Dukku, ya gaya mini bayan an tashi, ni zan je in ɗauko shi da motata ya zo yara su gan shi.

In zango ya ƙare, ku zo da kanku ranar rufe makaranta. Kowane uba ya zo da yadi ɗaya, ya miƙa wa ɗansa ya ce nuna mini kwata, nuna mini sudusi. In sun kasa, ku mayar mini da buhuna, zan ɗauka a ka in fita ba tare da na ce uffan ba. Bargon kuwa in ya fito, sai kwamitin marayu ya duba gidan da ya fi bukata kafin sanyin Disamba ya sauko.

Kai yaro, kwance bakin buhun nan ka fito da karkataccen, ka zagaya da shi, ka fara ta wajen iyaye mata. A duba bayansa, nan aikin yake.